Koren Ruwan Dankure

Duk wanda ya zauna unguwar Nasarawa a Birnin Kebbi shekarar da aka karɓi mulkin kai ya san Dankure, ko da bai nemi saninsa ba. Dogo ne mai wuyan zalɓe, ba ya rabuwa da wata tsohuwar kwat mai maɓalli ɗaya, ko da ana zafin da ƙadangare ke neman inuwa. Ya taɓa yin wata bakwai a Kaduna, gidan wani Bature. Waɗanda suka gan shi can sun ce faskare yake yi da wankin tukwane. Shi kuwa da ya dawo cewa ya yi shi ne babban kuku, har matar Baturen sai da ta yi hawaye ranar da zai taho.

Matarsa Sadatu ɗiyar masunta ce daga Argungu, mai haƙuri, amma harshenta kamar aska. Bayan katangarsu gidan Silvanus ne, mutumin Kagoro, mai aiki a ɗakin shan magani, wanda kowa ke kira Likita, da matarsa Dinatu mai tuyar ƙosai.

Wata rana Dankure ya je a cire masa ƙaya a ƙafa, ya tarar Silvanus yana yi wa mata masu goyo bayani. Yana ce musu su riƙa ba yara gwanda da lemo, kuma su daina dafa ganye har ya mutu murus, domin akwai wani abu a ciki da ake kira bitamin, wuta mai yawa tana rage shi. Dankure bai jira ƙarshen magana ba. Ya dawo gida yana ɗingishi, ya tarar da miya a wuta.

"Sadatu, sauke tukunyar ga."

"Ba ta nuna ba, Malam."

"Shi ya sa. Shekara goma sha ɗaya kina kashe muna Bitaman, muna cin gawarshi."

Sadatu ta ajiye ludayi. "Wane na Bitaman? Ni ban taɓa kashe kowa ba."

"Ba mutum ba na. Ƙarfi na, wanda Allah ya ɓoye cikin ganye. Mi kike tsammani ya sa Turawa sunka ci ƙasar ga? Ɗanye suke sha. Ni da hannuna nike haɗa ma Bature nashi. Yanzu da za su tahi, wajibi na a samu wanda ya riƙe asirin."

"To wata bakwai kana haɗawa, sai yau da anka cire maka ƙaya ka tuna?"

Dankure ya yi kamar bai ji ba. Ya tafi kasuwa ya dawo da gwanda, rabinta ɗanya shar, da lemun tsami, da damin rama da zogale da tafasa. Ya ce mace ba za ta taɓa ba, aikin ilimi ne. Ya zuba duka a turmi, ya ɗaga taɓarya sama da kansa kamar mai sarar itace. Dukan farko gwanda ta yi tsalle ta faɗa akurkin kaji. Duka na biyu ruwan lemun tsami ya same shi a ido. Ya daka sauran da ido ɗaya, ya zuba ruwa, ya dama, ya cika moɗa ya kafa kai. Maƙogwaronsa ya yi sama, ya yi ƙasa, ya tsaya a tsakiya yana shawara.

"Yaya dai?" in ji Sadatu.

"Ina jin shi shina shiga jijiya," ya ce da wata siririyar murya. "Karɓi naki."

"Ni ciki ɗaya gare ni, Malam. Akuya ma sai da Allah ya ba ta huɗu kafin ya ce ta ci ɗanye."

Dinatu ta ji komai ta kan katanga. Washegari ta shigo da kwano a rufe. Tana da wani ƙaramin injin hannu da ake ɗaurewa a bakin tebur, wanda take niƙa wake da shi. Ta sa nunanniyar gwanda, da gwaiba, da lemon zaƙi, da zogale cikin tafin hannu wanda ta wanke tas, ta niƙa ta tace.

"Haka nake yi wa yarana," ta ce. "Amma da an yi ake sha, ba ya kwana."

Sadatu ta shanye nata ta leƙa kwanon ko da saura. Dankure ya kurɓa, ya ji daɗi har kunnensa, abin kuwa ya ɓata masa rai.

"Kin yi ƙoƙari, matar Likita. Amma wanga na yara na. Magani mai daɗi ba magani ba na. Ara mani injin in nuna maki na manya."

Ta ara masa, da sharaɗin kada ya sa abu mai tauri. Abu na farko da ya sa shi ne aduwa da ƙwallonta. Injin ya yi ƙara ɗaya ya cije. Silvanus ya kashe yammacinsa guda yana zaƙulo ƙwallon aduwa da tsinken ƙarfe, Dankure na tsaye a kansa yana bayyana masa cewa na Kaduna ya fi wannan haƙori.

Da aka gyara sai wata dabara ta zo masa. Ya lura in ya ajiye haɗin, ganye na kwantawa ƙasa, ruwa na tasowa sama. Ya ce wannan rashin haɗin kai ne, kuma ƙasa mai shirin mulkin kai ba ta bukatarsa. Sai ya ƙara lalo da karkashi, masu yauƙi, don su riƙe kowa da kowa.

Ya ɗauki ƙwarya guda ya nufi gindin durumi inda dattawan unguwa ke zama bayan la'asar. Atiku tela, wanda ba ya iya ƙin abin da ba a saya ba, shi ya fara miƙa hannu. Ya kai moɗa baki ya kurɓa, ya janye moɗar. Abin ya biyo ta. Ya miƙe hannu iya tsawonsa, wani koren zare yana nan tsakanin leɓensa da moɗa bai tsinke ba. Ya tashi tsaye, zaren ya tashi da shi.

"Haɗiye, Atiku," in ji Dankure.

Atiku ya yi magana ta gefen baki. "In na haɗiye farkon, ina ƙarshen yake?"

"Ka ga ƙarfi ke nan. Ko tsinkewa ba ya yi."

"A ɗauko mani almakashi a shago."

Dattawa suka yi ta dariya har wani ya ƙware da goro. Dankure ya kwashi ƙwaryarsa ya ce dama annabi ba ya daraja a garinsu. Liman da ke gefe ya ɗago kai ya dube shi, sai ya gyara ya ce yana nufin likita.

Da abin ya tsaya nan da an manta. Sai ga Tamba, yayan Sadatu, ya zo Birnin Kebbi sayar da bandar kifi, ya biyo gaida ƙanwarsa. Tamba ƙato ne marar yawan magana, shi ne shugaban matuƙan jirgin ruwan unguwarsu. Yana cin tuwo ya ambata cewa ran Asabar, ranar bikin mulkin kai, za a yi tseren jirage a gulbin Argungu, kuma mutanen Augie sun cinye su sau uku a jere. Ya ce ƙarfinsa ya fara ja baya, wannan ne tserensa na ƙarshe, ba ya son ya ajiye filafilin tuƙi da kunya.

Dankure ya buga cinya. "Yaya Tamba, ka zo gidan sa'a. Mutum nawa gare ka cikin jirgi?"

"Takwas."

"Moɗa bibbiyu. In sunka sha, sai an riƙe jirgin da igiya kada shi wuce Yawuri."

Tamba ya dubi ƙanwarsa. Ta girgiza kai a hankali. Amma mutum ba ya cin tuwon suruki ya ƙaryata shi a kan tabarmarsa, sai ya ce, "To, Allah shi kai mu."

Bayan ya tafi Sadatu ta zauna gaban mijinta. "Malam, roƙo ɗaya nike yi. Ka yi abin kunyarka nan Birnin Kebbi inda anka saba da kai. Kada ka kai shi garinmu. Can uwata take."

"Can za a fara kiranki matar Likitan Ganye."

Tun ran Laraba ya fara aiki, wai kada a yi gaggawa. Dinatu ta hana injinta, don haka ya koma turmi. Ya daka gwanda goma sha biyu, da gwaiba ƙwarya guda, da ayaba, da kowane ganye da ya yi kuskuren zama kore a kasuwar Birnin Kebbi. Ya tuna da fuskar Atiku, sai ya zuba zuma kwalba biyu. Ya ɗura a manyan goruna biyu irin na masunta, waɗanda mutum ke kwanciya a kai ya ƙetare gulbi, ya toshe bakinsu da toton dawa da tsumma, ya liƙe da kakin zuma.

Silvanus ya leƙo ta katanga. "Malam Dankure, me ya sa ka liƙe?"

"Kada ƙarfin shi fita."

"Kayan zaƙi da zuma, kwana uku a rufe, da wannan zafi? Ni a garinmu na san abin da ake samu in an yi haka. Ba sunansa bitamin ba."

"Likita, kai allura ka sani. Bar ma kuku aikin kuku."

"To ka bar su a inuwa aƙalla."

Jin haka ya sa Dankure ya fitar da su rana. Ya ce ai rana ce ke ba ganye ƙarfi tun farko.

Ran Asabar da sassafe suka shiga motar Argungu, shi da Sadatu, da Silvanus da Dinatu waɗanda suka ce za su kallon tsere, ko da yake ba tseren jirage kaɗai suke nufi ba. Dankure ya zauna a kan buhun albasa, gora ɗaya a kowace hammata. Ba su yi nisa ba gora ta dama ta fara wani siririn huci. Wata tsohuwa ta tattare zanenta ta ce akwai maciji a motar. Direba ya tsaya, kowa ya sauka, aka sauke kaya ana bugun buhuna da sanda.

"Ba maciji ba na," in ji Dankure da alfahari. "Bitaman na ke numfashi."

Direba ya kara kunne a gorar, ya ja da baya. Ya ce ko dai Bitaman ya hau saman mota ko ya tafi a ƙasa. Haka Dankure ya ƙarasa Argungu a kan rufin mota, rungume da gorunansa, rana na dukansu, hanya na jijjiga su.

Bakin gulbi ya cika maƙil. Ruwa ya kawo sosai, ƙarshen damina ne. An kafa rumfar manya, an ɗaura sababbin tutoci kore da fari, makaɗa na ta kiɗa. Jirage shida na jere a bakin ruwa. Tamba da mutanensa bakwai na tsaye da ɗamara, mutanen Augie na gefe suna yi musu murmushin da ya fi zagi ciwo.

Tamba ya so a sha maganin a ɓoye bayan wata bukka. Dankure ya ce haske ba a rufe shi da ƙwarya. Ya ajiye gora ɗaya kusa da jirgin Tamba, ya ɗauki ɗayar ya hau kan wani kifaffen jirgi daidai gaban rumfar manya, ya gyara kwat.

"Jama'ar Kabi, ku saurara. Yau Bature ya miƙa mulki, ni kuma yau zan miƙa asirin da ya riƙe mulkin da shi. Kun daɗe kuna dafa ƙarfinku kuna zubarwa. Abin da ke cikin gorar ga, wuta ba ta taɓa shi ba. Mutanen Augie, ku dube shi da kyau, don bayanshi kaɗai za ku gani."

Ya sa gorar tsakanin gwiwoyinsa, ya sunkuya, ya fara ɓanɓare kaki da farce. Bai kai rabi ba gorar ta ƙarasa masa aikin. Toshiyar ta tashi da ƙara kamar bindigar maharba, ta tafi da hularsa. Koren kumfa ya biyo baya, ya same shi a haɓa, ya wuce sama ya yi tsawon mutum biyu, sannan ya dawo a kan na kusa. Makaɗa suka yi shiru. Kumfa na ta fita, Dankure na ƙoƙarin toshe bakin da tafin hannu, abin da ya sa ya riƙa fesawa gefe-gefe, dama da hagu, har sahun gaba na rumfa.

Sai warin ya iso. Tsami ne mai hawa kai, irin wanda ba a son a nuna an gane shi. Mutane suka fara duban juna, kowa na jiran wani ya fara faɗa. Wani dattijo mai carbi ya shinshina hannun rigarsa.

"Wanga ai giya ta."

Kalmar ta bi taron kamar wuta a busasshiyar ciyawa. Daga ƙarshen rumfa Hodi, shugaban 'yan dokan da ke tsaron wurin, ya taso da mutum biyu. Dankure ya hango jajayen huluna na tahowa, ya tuna akwai gora ta biyu. Ya diro, santsi ya kwashe shi, ya tashi, ya kutsa cikin mutane. Hankalin kowa na kan kumfa, ba wanda ya ga lokacin da ya cusa gorar a ƙarshen jirgin Tamba ya rufe ta da tsohuwar koma ta kamun kifi. Ya dawo yana goge fuska kamar wanda ya je alwala.

Hodi ya riƙe shi a kwat, amma kafin ya yi tambaya aka busa ƙaho, tsere zai fara. Ya ce shari'a ta jira, shi ma yana da ɗan'uwa a jirgin Tamba.

Jirage suka tashi. Abin mamaki, Tamba da mutanensa, waɗanda ba su sha komai ba sai furar gidajensu, suka fita gaba. Filafilai takwas na shiga ruwa tare suna fita tare. Kafin tsakiyar gulbi sun ba Augie tazarar jirgi guda. Mata na guɗa, Sadatu ta manta da komai tana kiran sunan yayanta.

Dankure, ana riƙe da shi, ya ɗaga murya. "Kun gani? Ƙamshin kaɗai sunka shaƙa."

Daidai nan aka ji ƙarar daga tsakiyar ruwa. Koma ta tashi sama kamar an jefa ta, ta sauko a kan mutum uku na baya. Koren kumfa ya turnuƙe jirgin. Lalo da karkashi suka yi aikin da aka ɗauke su yi: filafilin farko ya suɓuce daga hannun mai shi, na biyu ya bi shi. Tamba ya miƙe don ya jefar da gorar, ƙafafunsa suka tafi gabas shi ya tafi yamma. Jirgin ya karkata, ya yi tunani kaɗan, ya kife. Mutanen Augie suka wuce su a hankali, ɗaya daga cikinsu har da tambayar ko a aiko musu da sabulu.

Ba wanda ya ji ciwo, masunta ne. Suka fito ɗaya bayan ɗaya, yauƙi na zuba daga gemunansu. Tamba ne na ƙarshe, yana jan gorar a bayansa, da sauran abu a cikinta. Ya dire ta gaban Hodi, bai dubi surukinsa ba. Ƙanwarsa ya duba, ita kuwa ta ja mayafi ta rufe fuska.

"Yaya Tamba," in ji Dankure, "ka dai shaida ƙarfin ya yi yawa na. Jirgin ne bai iya ɗauka ba."

"Da bakin ga na ci tuwonka," in ji Tamba. "Shi ya sa zan bar shi rufe."

Hodi ya sa aka kawo kujera, ya zauna, taro ya kewaye su. "Kai, mi ke cikin gorar ga?"

"Magani na, ranka shi daɗe."

"Jama'a sun ce giya ta."

Silvanus ya matso ya gaida shi. Ya ce shi shaida ne, mutumin bai yi niyyar haɗa abin maye ba. Gwanda ce da ganye, kuma in an yi su daidai aka sha nan take suna da amfani ƙwarai. Ya ce laifin kwana uku ne da rana da rashin jin magana.

"Wato ba mugu ba na," in ji Hodi.

"A'a, ranka ya daɗe. Mugu yakan san abin da yake yi."

Hodi ya shafa gemu. "To abin mai sauƙi na. In giya ta, ka kawo giya gaban manya ranar biki, bulala goma sha biyu. In magani na, ba a hukunta mai magani. Sai dai mai magani ba ya gudun maganinshi. Moɗa nawa ka ce kowane matuƙi shi sha?"

"Bibbiyu," in ji Tamba, karo na farko da ya yi saurin magana.

"A kawo moɗa."

Dankure ya dubi gorar. Ya dubi taron, har kan itatuwa akwai mutane. Ya gyara abin da ya rage na kwat ɗinsa.

"Magani na. Kuma yanzu za ku ga yadda anka sha shi a Kaduna."

Tamba da kansa ya zuba, bai yi rowa ba. Abin ya fito da ƙyar, kore mai duhu, ƙananan ƙwayayen kumfa na tasowa suna fashewa. Dankure ya karɓa da hannu biyu, ya yi bisimilla, dattijo mai carbi ya ce ya bar bisimilla daga ciki tukuna sai an tabbatar. Ya rufe ido ya kurɓa sau ɗaya.

Kunnuwansa suka motsa. Hawaye ya fito daga ido ɗaya, ya gangara, ya tsaya a gefen hanci. Ya daɗe a haka, kumatu a cike, kafin ya samu abin ya wuce. Sannan ya sunkuya ya ajiye moɗar a ƙasa a hankali, kamar mai ajiye jariri, ya matsa kusa da Hodi ya rage murya.

"Ranka shi daɗe, bulalar nan, nawa ka ce?"